Tsohuwar Manhajar Zane a kan Sabuwar Kwamfuta



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda za a tafiyar da tsohuwar manhajar zane a kan sabuwar kwamfuta. Wataƙila wani ya ce ai wannan magana ce ta masu gyaran kwamfuta, ba ta kai a tara jama'a dominta ba. To, amma duk wanda zai yi aiki a Ma'aikatar Ayyuka, ko Ofishin Safiyo, ko maɗaba'ar gwamnati, ko sashen watsa labarai, ba makawa wata rana za a miƙo masa wani fayil a ce ya buɗe. Watakila taswirar filayen unguwa ce, ko zanen ginin asibiti, ko kuwa littafin firamare da aka tsara shekara ashirin da suka wuce. Ranar da fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, alhali kuwa manya suna jira, a ranar ce zai gane cewa maganar tasa ce.

Da farko bari mu bambance abu biyu. Akwai babbar manhaja wadda take riƙe da ragamar kwamfuta duka, irin su Windows da macOS da Linux. Ita ce zan riƙa kira uwar manhaja a cikin wannan lacca. Sa'an nan akwai manhajojin da ake ɗorawa a kanta domin wani aiki na musamman, kamar zanen gini ko tsara shafin littafi. Manhajar zane baƙuwa ce a gidan uwar manhaja. Ba ta da ikon isa ga allo, ko ma'ajiyar bayanai, ko na'urar buga takarda, sai ta nemi izni daga mai gida, kuma da irin harshen da mai gidan yake ji. In an canja mai gida, aka kawo wanda ba ya jin wancan harshe, to, baƙuwa ta shiga uku, ko da kuwa ita lafiyarta ƙalau.

Manhajojin da muke magana a kansu sun daɗe. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982 domin injiniyoyi da masu zanen gini. Kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker a 1985, wadda ita ce ta sa aka fara tsara littafi da jarida a kan tebur ba tare da jera haruffan dalma ba. Kamfanin Corel na ƙasar Kanada ya fitar da CorelDRAW a 1989, kuma kowa a cikinmu ya san matsayinta a wurin masu buga katin biki da kalanda da allon talla a biranenmu. Wasu daga cikin waɗannan suna nan da ransu, ana ta sabunta su. Wasu kuwa sun riga sun kwanta dama. Kamfanin Adobe ya haɗiye Aldus a 1994, ya fitar da InDesign a 1999, sa'an nan ya fitar da PageMaker ta 7 a 2001, daga ita kuma bai sake yin wata ba. Haka ya sayi Macromedia a 2005, ya daina raya manhajarsu ta zane mai suna FreeHand a 2007. Manhajojin sun tsaya, amma ayyukan da aka yi da su suna nan jibge a ofisoshi da maɗaba'u.

Me ya sa mutane suke manne wa tsohuwa, alhali ga sabuwa? Ba duka ne ƙauyanci ko ƙin ci gaba ba. Dalili na farko shi ne kuɗi. A da, mutum yakan sayi manhaja sau ɗaya ta zama tasa. Amma tun daga 2013 Adobe ya koma bayar da sababbin manhajojinsa haya, a biya wata-wata ko shekara-shekara, Autodesk kuma ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016. Kuɗin hayar da dala ake ƙiyasta shi. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Mai ƙaramar maɗaba'a wanda ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, in ya ce zai ci gaba da tsohuwar da ya saya, ai ba za a ga baƙinsa ba. Dalili na biyu shi ne sabo, domin hannun da ya yi shekara goma yana aiki da abu guda ya fi sauri a kansa. Dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tsofaffin fayiloli, waɗanda sau da yawa ba mai iya buɗe su daidai sai manhajar da ta haife su.

Yanzu bari mu duba abubuwan da suke hana tsohuwar manhaja aiki. Na tattara su gida biyar.

Na farko shi ne faɗin hanyar da bayani yake bi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ake aunawa da bit. An yi zamanin bit 16, aka yi na 32, yanzu kuma ana na 64. Ku ɗauki misalin dogo. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne. Tarago komai kyansa, in an ƙera shi domin tsohon layi, ba zai hau sabon ba. Kamfanin Microsoft ya shimfiɗa wani ƙarin ƙarfe a cikin Windows mai bit 64 domin manhajojin bit 32 su samu su wuce, amma bai yi wa na bit 16 wannan tanadi ba. Windows 11 kuwa, da ta fito a 2021, mai bit 64 ce kaɗai. Abin da yake rikita mutane shi ne, manhajoji da yawa na shekarun 1990 su kansu masu bit 32 ne, amma ɗan shirin da yake girka su a kan kwamfuta mai bit 16 ne. Watau baƙuwar za ta iya zama a gidan, amma ɗan rakiyar da zai shigar da ita shi aka tsare a ƙofa.

Na biyu shi ne canjin ƙwaƙwalwar kanta. A nan kamfanin Apple ya fi kowa. Ya canja zuwa PowerPC a 1994, ya koma Intel a 2006, sa'an nan ya koma tasa ƙirar a 2020. Kowane karo yakan ajiye tafinta na ɗan lokaci, daga baya ya sallame shi. Tafintan da ya sa wa suna Rosetta ya yi aiki daga 2006, aka cire shi a 2011. Tun kafin nan, a 2007, an cire ɗakin da aka keɓe wa manhajojin tsohuwar uwar manhajar Macintosh, kuma da ma PageMaker a cikin wannan ɗaki kaɗai take iya zama. A 2019 kuwa macOS Catalina ta rufe ƙofa ga duk wata manhaja mai bit 32, har aka wayi gari wanda ya sayi Creative Suite 6 ta 2012 da kuɗinsa ba ya iya girka ta.

Na uku shi ne tsaro. A zamanin Windows 98 manhaja takan rubuta abin da ta ga dama a inda ta ga dama. Daga Windows Vista ta 2007 aka sa shinge, aka hana kowace manhaja taɓa wasu wurare sai da iznin mai kula da kwamfutar. Tsohuwar manhaja ba ta san da wannan doka ba, sai ta nufi inda ta saba ajiye kayanta ta tarar an kulle, daga nan sai ta daskare ko ta rufe kanta.

Na huɗu shi ne makulli. Masu manhajoji masu tsada sun kasance suna haɗa su da wani ɗan makulli da ake cusawa a bayan kwamfuta, a babbar kafar nan ta tsohuwar na'urar buga takarda. Kwamfutocin yau ba su da wannan kafa. Daga baya aka koma tantancewa ta intanet, watau manhaja ta tuntuɓi kamfani kafin ta fara aiki. To, in kamfanin ya rufe ofishin tantancewar fa? Haka Adobe ya yi wa Creative Suite 2 a ƙarshen 2012. Mai kaya yana riƙe da faifansa da rasiɗinsa, amma wanda zai buɗe masa ƙofa ya tashi daga aiki.

Na biyar shi ne kayan da suke kewaye da manhajar, kamar direban na'urar buga zane, da salon haruffa. Tsohon direba mai bit 32 ba ya aiki a kan Windows mai bit 64 ko kaɗan. Haka kuma a watan Janairu na 2023 Adobe ya daina karɓar tsohon nau'in haruffa mai suna Type 1 a cikin manhajojinsa, alhali da shi aka tsara ɗimbin littattafai. In salon haruffa ya ɓata, kwamfuta takan sa wani a madadinsa, sai layuka su goce, shafi 80 ya koma 86, fihirisa kuma ta daina dacewa da abin da yake ciki.

To, ina mafita? Hanyoyi huɗu ne, kuma ya kamata a bi su daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Hanya ta farko ita ce yanayin daidaitawa, wanda yake cikin Windows tun daga XP ta 2001. Mutum yakan shiga bayanan manhajar ya zaɓi sunan tsohuwar Windows da ta saba da ita. Daga nan duk lokacin da manhajar ta tambayi wane ne mai gida, sai a amsa mata da tsohon suna, a kuma kwaikwayi wasu halayensa. In aka haɗa da ba ta iznin mai kula da kwamfuta, manhajoji da dama masu bit 32 sukan tashi. Amma wannan dabara ba ta yi wa mai bit 16 komai, ba ta kuma maido da direban da ya daina aiki.

Hanya ta biyu ita ce gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Akwai manhajoji irin su VirtualBox da VMware waɗanda suke keɓe wani sashe na ƙwaƙwalwa da ma'ajiya, su mai da shi tamkar wata kwamfuta dabam. A cikinta sai a girka tsohuwar Windows, a ɗora tsohuwar manhajar zane, ta ci gaba da harkarta ba tare da ta san duniya ta canja ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi dacewa da ofis, domin kwamfutar cikin fayil ce kawai, ana iya kwafarta a ajiye, in ta lalace a maido da ita cikin mintoci. Sharaɗinta biyu ne: a samu isasshiyar ƙwaƙwalwar aiki, a kuma mallaki lasisin tsohuwar Windows da na manhajar.

Hanya ta uku ita ce kwaikwayo, inda wata manhaja take kwaikwayon tsohuwar na'ura tun daga ƙwaƙwalwarta. DOSBox, wadda aka fara a 2002, tana tafiyar da manhajojin zamanin DOS. Masu Linux kuma suna da Wine, wadda aka fara tun 1993, ita kuwa fassara buƙatun manhajojin Windows take yi zuwa harshen Linux. Waɗannan suna buƙatar haƙuri da gwaji, kuma ba kowace manhaja suke ɗauka ba.

Hanya ta huɗu ita ce a ajiye tsohuwar kwamfuta guda a kusurwar ofis domin wannan aiki kaɗai. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma in akwai tsohon makulli ko tsohuwar na'urar buga zane, wani lokaci ba wata hanya sai wannan. Sai dai a sani ƙarfe yana tsufa. Zafi da ƙurar hunturu da wasan wutar lantarki ba su barin na'ura ta daɗe, ranar da ta mutu kuma samun kayan gyaranta aiki ne.

A nan tilas in ja kunne a kan haɗari biyu. Na ɗaya, duk tsohuwar uwar manhaja da aka rayar, ko a cikin kwamfuta ko a kusurwar ofis, kada a haɗa ta da intanet. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows XP a watan Afrilu na 2014, ta Windows 7 a watan Janairu na 2020, ta Windows 10 kuma a watan Oktoba na 2025, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a kwamfutocin da ba a toshe ba, ta kulle bayanai a ƙasashe da yawa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Na biyu shi ne manhajar sata, wadda aka fasa makullinta ake rabawa. Kowa ya san tana yawo a tsakaninmu. Amma wanda ya fasa makullin ba ka san me ya cusa a ciki ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Ma'aikacin da ya ɗora irin wannan a kan kwamfutar gwamnati ya jefa ofishinsa da aikinsa cikin kasada.

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa fiye da kowa, watau haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Lokacin da kwamfuta ta shigo maɗaba'unmu ba ta zo da su ba. Wasu suka riƙa bugawa ba lanƙwasa, har ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata. Wasu kuwa suka ƙera salon haruffa na musamman, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi a shekarun 1990, abin da ya taimaki marubuta ƙwarai. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba a zana harafin Hausa a wurin. Saboda haka ido yana ganin ƙ, amma a cikin fayil lambar wata alama ce dabam. Yau akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da namu. Amma littafin da aka tsara da tsohuwar dabara, in aka buɗe shi inda babu wancan salon haruffa, duk inda harafi mai lanƙwasa yake sai wata baƙuwar alama ta fito. Wanda zai ceto irin wannan littafi dole ya nemi manhajar, ya nemi haruffan, sa'an nan ya bi ya musanya kowace alama da harafinta na Unicode. Littattafan Hausa da yawa an tsara su a wancan zamani, kuma wannan aiki ba wanda zai zo daga waje ya yi mana shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne gundarin magana. Duk hanyoyin nan huɗu da na lissafa jinkiri kawai suke saya mana. Amfanin rayar da tsohuwar manhaja shi ne a samu damar kwashe kayan da suke cikinta tun ƙofa tana buɗe. Ku dubi abin da ya faru a Ingila. A 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filaye mai suna Domesday a kan fata, kuma har yau yana nan ana karanta shi. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi sabon kundi domin cikar wancan shekara 900, ya zuba shi a kan wasu manyan faya-fayai masu buƙatar na'ura ta musamman. Kafin a yi shekara ashirin na'urorin sun yi wuyar samu, sai da masana suka yi aikin kwaikwayo a 2002 kafin a sake ganin abin da yake ciki. Mu ma nan, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 duk mai ido zai karanta ta, haka takardun farkon mulkin Turawa da suke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Amma zanen da aka yi da FreeHand a 2003 yana iya gagarar ofishi guda.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mu yi, mu ɗalibai da ku ma'aikata. Duk wanda ya kama aiki a sashen da ake zane ko ɗab'i, ya fara da ƙidaya: waɗanne fayiloli ake da su, da wace manhaja aka yi su, da wane salon haruffa. Sa'an nan a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a fitar da su zuwa sigogin da ba mallakin kamfani guda ba ne, ko waɗanda aka bayyana tsarinsu ga kowa. Abin da ake son adanawa yadda yake a mai da shi PDF/A, wanda Hukumar Ma'auni ta Duniya ta amince da shi a 2005 domin ajiya mai tsawo. Zanen gini a fitar da kwafinsa a sigar DXF, tambari da zanen ado a sigar SVG, rubutu kuma a mai da shi Unicode. A ajiye fayil na asali tare da sabon, a rubuta sunan manhajar da shekararta a kusa da shi. A sani kuma akwai tsani a tsakani: InDesign CS6 tana buɗe fayilolin PageMaker 6 da 7, amma waɗanda suka biyo bayanta ba su buɗewa. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana iya buɗe fayilolin CorelDRAW da PageMaker da dama, ko da yake tilas a duba sakamakon da kyau. Kwafi kuwa kada ya gaza uku, ɗaya daga ciki a wani gini dabam. Taswira ko zane mai muhimmanci a buga shi a takarda a sa a kabad.

Ga 'yan'uwana da suke koyon zane yanzu, shawarata ita ce mu koyi sana'ar kanta fiye da yadda muke haddace maɓallan kamfani guda. Wanda ya fahimci ma'auni da launi da tsarin shafi zai yi aiki da CorelDRAW, in ta gagara ya koma Inkscape ko Scribus ko FreeCAD, waɗanda kyauta ne kuma halal ne a kwafa a raba. Kayan aro ba ya rufe katara, manhajar haya kuwa ranar da kuɗi ya yanke ranar take rufe ƙofarta.

Ga yayyenmu ma'aikata kuma, in an zo sayen sababbin kwamfutoci a ofis, ku yi tambaya tun kafin a sa hannu: tsofaffin fayilolinmu za su buɗu a kansu? In amsar ba ta fito fili ba, kada a yi gwanjon tsofaffin sai an kwashe abin da yake ciki an kuma tabbatar yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taswirar da ta ɓata tana iya zama shari'ar fili tsakanin maƙwabta, zanen ginin da ya ɓata kuma yana iya sa a fasa bango a kan wayar wuta ko bututun ruwa.

Shugaba, malamaina, 'yan'uwa, nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi da ƙarin bayani daga waɗanda suka fi ni sanin wannan fage.